Cokali Biyu a Kwanon Kawu Selby

Duk wanda ya taɓa zama teburi ɗaya da Kawu Selby Durnford ba ya mantawa, kuma galibi ba ya sakewa. Ni kam na sha zama da shi, don tagar kicin ɗina tana kallon tasu tun ranar da aure ya kawo ni Rendell's Bight, can gaɓar kudu ta Newfoundland inda mota ba ta zuwa sai jirgin ruwa. Mutum ne siriri kamar sandar kamun kifi, ka rasa inda yake zuba abincin. Amma da an ajiye kwano sai ya kewaye shi da hannun hagu, ya sunkuyar da kai, ya shiga kai loma ba ko numfashi. Kafin fasto ya ce amin ya lamushe rabi. Ranar cin abincin coci mu mata mukan ɓoye tukunya ɗaya a bayan murhu, mu ce wannan ta sauran bayin Allah ce.

Yara suka laƙaba masa Glutch, wato haɗiyar nan mai ƙara da maƙogwaro ke yi idan an tura masa abin da ya fi ƙarfinsa. Bai taɓa jin haushin sunan ba. In sun kira shi sai ya ɗaga haɓa ya yi musu guda, su watse da dariya.

Yayarsa, Goggo Drusilla, ita ta san inda abin ya samo asali. A shekarun yunwa aka haife su, lokacin da kifi ya rasa mai saye, gwamnati na raba wani baƙin gari mai tsutsa. 'Ya'ya cike da gida, tukunya ɗaya. Uwarsu takan dama garin ta dire a tsakiyar teburi, ta miƙa wa kowa cokalinsa, ta juya baya don kada ta ga yadda za a ƙare. Drusilla ce babba a mata, Selby ne auta. Ta ce da gwiwar hannu take buɗa masa hanya tsakanin yayyensa maza, tana yi masa raɗa a kunne: yi sauri, Auta, yi sauri. Ya kuwa ji maganar yayarsa, har ya tsufa bai daina ji ba.

Bai yi aure ba. An ce ya taɓa neman wata 'yar gidan Skeard, aka gayyace shi cin abincin Lahadi a gidansu, maganar ta mutu a kan teburin. Ya shiga kwale-kwale tun kafin gemu ya fito masa, bai fita ba sai da aka hana kamun kifin gaba ɗaya. Da mijin Goggo Drusilla ya rasu, 'ya'yanta suka tafi neman aiki can yamma, sai ta dawo gidan ubansu, ita da ƙaninta suka ci gaba daga inda suka tsaya suna yara.

Bayan ci, abin da Allah ya ba shi shi ne baki, musamman a kan duk abin da ya jiƙe ya kwaɓe. A wurinsa laka ba ɗaya ba ce. Jar lakar bayan coci mai cire wa mutum takalmi, pug ce. Caɓin ƙanƙarar da ke rufe bakin teku in sanyi ya fara sakin jiki, wanda ƙafa ba ta taka shi kwale-kwale kuma ba ya ratsa shi, slob. Yauƙin da ke manne wa raga har ta yi nauyi, slub. Duk mun san kalmomin, da su muka tashi, amma shi kaɗai ya kwaso su daga bakin ruwa ya kawo su kicin ya ɗora wa girkin yayarsa.

Ina jin su ta taga kullum. Ta jiƙa busasshen burodi, ta dafa shi da kifin gishiri, ta zuba soyayyen kitse a kai, ta dire.

"Yaya, wannan slub ɗin daga ragar wa kika kankaro?"

"Daga ta ubanka. In ba ka ci miƙo min."

"Wa ya ce ba na ci? Mutum ba zai yi tambaya ba?"

"Ci a hankali, ɗan nema, ba wanda ya biyo ka."

"Ke fa? Ga cokalinki can yana leƙe."

A kwano ɗaya suke ci, babban kwanon tasa na uwarsu. Na ɗauka rowar wanke-wanke ce.

Wata safiya, lokacin da slob ya cika bakin ruwa, Goggo Drusilla ta ƙwala min kira da wata murya da ban san ta da ita ba. Muka sami Kawu Selby kwance a rumfar raga, baki ya karkace, ido ɗaya na kallonmu. Da ƙyar jirgi ya ratso ya ɗauke shi zuwa asibitin garin da jirgin ke sauke mu in mun fita. Ni na bi Goggo, don ta haura tamanin, ba ta iya hawa tsanin jirgi ita kaɗai. Muka sauka gidan wata 'yar ƙanwata kusa da asibitin.

Ɓarin dama ya shanye. Magana ta tafi, ba abin da ta bar masa sai zagi guda ɗaya da kalmominsa na caɓi. Ko Yaya ba ya iya cewa. Wannan duk da sauƙi, in ji likita. Matsalar maƙogwaro ne, shi ma ya taɓu.

Aka haɗa mu da wata yarinya mai suna Corinne, wai karatun haɗiya ta yi. Ban taɓa sanin ana zuwa makaranta a koyi abin da jariri ke yi ranar da aka haife shi ba. Na so in raina ta, amma ba ta ba ni dama ba, yarinyar kirki ce mai haƙuri. Ta zaunar da mu ta faɗa mana ba kwana-kwana. Ƙofar da ke rufe hanyar numfashi in mutum zai haɗiye ta yi sanyi. In ya koyi ci kaɗan-kaɗan, ƙaramin cokali, haɓa a ƙirji, ya haɗiye, ya sake haɗiyewa, ya jira, to zai koma gida. In bai koya ba, ko ya ƙi ci, sai an huda ciki an sa masa roba. Mai roba kuwa ba ya zama ƙauyen da nas ba ta zuwa sai ranar da teku ta ga dama. Gidan tsofaffi za a kai shi, can birni, cikin tudu.

Mun san gidan. Ko ƙamshin teku ba ya kaiwa wurin. Mutanenmu da aka kai can duk sun dawo, amma a cikin akwati.

Goggo ta ce, "'Yar nan, ci kika ce? In dai ci ne, ki shirya mana kayanmu."

Har dariya muka yi a hanyar gida. Allah ya yafe mana.

Washegari aka kawo tire. Abu uku a kai, ɗaya kore, ɗaya fari, ɗaya launin ƙasa, duk an niƙe su sun yi laɓa-laɓa. Ruwan sha ma an sa masa wani gari ya yi kauri, cokali na tsayawa a ciki. Kawu Selby ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna mai launin ƙasan da haɓa, ya ce, "Pug." Ya nuna koren, ya ce, "Slub." Ruwan kuwa zagin nan ya samu. Mu har mun ji daɗi, muka ce to, ga Selby ya dawo, yanzu zai kai hannu. Bai kai ba. Ya juya fuska bango.

Haka muka yi ta fama. Corinne ta lallaɓa, nas-nas suka lallaɓa, ni na yi masa faɗa har mai gadon kusa ya ce baiwar Allah, a yi haƙuri. Goggo ta ɗebo a cokali ta kai masa baki kamar yaro, ya datse haƙora, abin ya zubo ta gefen da ya mutu ya ɓata masa riga. Mutumin da ba a barinsa da tukunya, ga shi ana roƙonsa loma ɗaya. Kullum sai ya ƙara zubewa. Wuyansa ya zama kamar na kazar da aka fige. Likita ya fara tsayawa a ƙofa yana kallonsa, mu kuma mun san me kallon yake nufi. Tsoro ya kama ni sosai, Goggo kuwa ta daina barci.

Rannan da rana muna zaune, tire na hucewa a gabansa, sai Goggo ta zuba masa ido ta daɗe. Can ta ce min, "Melvina, je ki kicin ɗin asibitin ki aro min kwano babba. Da cokali."

"Ga cokali nan ai, Goggo."

"Na ce miki wani."

Na kawo. Ta juye kore da fari da mai launin ƙasa duk a kwano ɗaya, ta cakuɗa, abin ya zama wani irin dagwalo da ko kare sai ya yi shawara. Ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa gado. Ta ɗora kwanon a tsakaninsu, ta sa masa cokali a hannun hagu. Ta ɗebo ta kai bakinta, ta sake ɗebowa, tana ci da sauri tana ƙwanƙwasa gindin kwanon.

Na ga idonsa ya bar bango. Ya bi cokalinta zuwa bakinta, ya biyo shi ya dawo. A ɗiba ta gaba ta miƙa hannu can ɓangarensa ta kwaso.

Sai ji muka yi ƙwal, cokalinsa ya buge nata.

Wayyo, abin da na gani! Hannun da bai saba ba, rabi na zuba a hanya, yana fallatsa wa zanin gado da gilashin idon Goggo, amma yana kaiwa. Tana ɗiba yana ɗiba. Ta ture cokalinsa ya ture nata. "Kai, ɓarawo, nan nawa ne!" in ji ta, hawaye na bin kumatunta tana haɗawa da abincin tana haɗiyewa. Kafin a ce haka kwano ya koma fes. Ashe tun da aka yaye shi bai taɓa cin abincin da ba mai ƙwace masa ba. Tire nasa shi kaɗai, a idonsa ba abinci ba ne.

Labari ya zaga asibitin. Nas-nas suka riƙa leƙowa lokacin cin abinci suna toshe baki. Corinne ta zo ta gani, ta yi murna, sannan murnar ta koma ciki.

"Mama, na ji daɗi yana ci, wallahi. Amma ba haka ba. Wannan saurin shi ne abin da nake tsoro."

"'Yar nan, jiya kin ce ba ya ci, yau kin ce yana ci. Wanne kike so?"

"Ya ci, amma a hankali. Ki rage gudu, shi ma zai rage."

"Ba ki san shi ba."

Goggo ta gwada, kada a ce ba ta gwada ba. Da ta rage gudu sai ya ga banza ta faɗi, ya ninka nasa. Da ta ajiye cokalinta sai ya ajiye nasa ya juya bango. Ta ba shi cokalin shayi, ya wurgar da shi har ƙarƙashin gadon maƙwabci. Ta riƙa zuba ɗan kaɗan a kwanon, ya ɗaga kwanon ya kafa kai. Ta riƙe masa haɓa ta danna ƙasa tana cewa, "Haɗiye, Auta, sake haɗiyewa, jira," shi kuma yana kallonta kamar wadda ta zautu. Ita ce fa ta ce masa ya yi sauri. Yanzu da tsufa ta zo tana warware maganarta, harshen da zai tambaye ta dalili ma babu.

Jiki ya ɗan dawo masa, har ya fara zama a kujera. Amma bayan kowane kwano sai tari. Ba tarin mura ba, wani jiƙaƙƙen tari daga can ƙasa, kamar ruwa na kaɗawa a cikin kwale-kwale. In ya fara, Goggo sai ta tashi ta buɗe famfon ɗakin har ƙarshe, ta shiga wanke kwano facal-facal, tana ɗaga murya tana ba ni labarin da ban tambaye ta ba.

Na ce, "Goggo, famfo ba ya maganin tari."

"Wa ya tambaye ki? Ƙwarewa ce. Ke ba kya ƙwarewa?"

"Wannan ba ƙwarewa ba ce, kin sani."

Ta kashe famfon, ta juyo da hannu a jiƙe. "To gaya min. In na ci da shi, huhu. In ban ci da shi ba, roba. Ke mai wayo, nuna min ta ukun in bi." Muka tsaya muna jinsa yana fama.

Ba a buƙaci kowa ya kai ƙara ba, zazzaɓi ya kai da kansa. Ya kwanta yana rawar sanyi, numfashi na ƙugi. Da suka samu zazzaɓin ya sauka, suka gangara da shi ɗakin hoto, suka ba shi wani farin abu ya haɗiya suna kallo. Corinne ta nuna mana. Ko ni da ban yi karatun haɗiya ba na ga yadda abin ya rabu biyu, rabi ya bi hanyarsa, rabi ya sulale inda iska ke bi. Ta ce ba a tarin kaɗai ba, har lokacin da bai yi tari ba yana shiga.

Likita ya kira Goggo ofishinsa, ni ina tsaye bayan kujerarta. Tun da Kawu ba ya magana, ita ce mai cewa.

Ta ce, "In na ce a ba ni ƙanina in kai shi gida haka nan fa?"

"Ba mai hana ki, Mama. Amma zazzaɓin nan zai dawo, kuma can ba mu. Wataƙila ya ga ƙarshen bazara, wataƙila ba zai gani ba."

"In an sa robar?"

"Zai iya shekaru."

"Shekaru yana me?"

Likita ya shiga juya takardunsa. Ta dubi hannuwanta. Ta ce, a hankali, kamar da kanta take, "Ni zan dafa, ni zan zuba, ni zan zauna in yi tsere da shi, ina sane kowane cokali..." Ba ta ƙarasa ba. Na dafa kafaɗarta. Ni dai a raina na so ta ce a ba ta shi, amma ba ni zan riƙe cokalin ba. Ta ɗago ta ce, "Ku sa."

Aka sa. Ya farka ya ga roba a cikinsa, ya yi zagin nan nasa, Goggo ta ce masa na ɗan lokaci ne, Auta, don ka yi ƙarfin tafiya. Corinne ta ce ya kamata a gaya masa inda za shi, ta ce ita za ta iya in an yarda. Goggo ta ce a'a, bakinta ya fi dacewa. Kullum sai ta shiga da niyya, ta zauna, ta gyara masa matashi, ta fito ba ta faɗa ba.

Ranar tafiya ta zo daidai da ranar jirginmu. Motar asibiti mutum ɗaya take ɗauka ban da mara lafiya, tafiyar kuma doguwa ce, ƙafafun Goggo sun kumbura. Aka tsayar ni zan raka shi, ita ta bi jirgi. Da safe ta zo da jakar da ta haɗa tun farkon zuwanmu, ta kayan komawa gida. Ta aske masa gemu. Ta sa masa rigar sanyin da ta saƙa masa, ta ɗora masa hularsa ta zuwa coci. Yana ta kallon kayan yana kallonta, gefen bakinsa mai rai ya ɗaga. Na yi mata ido, na ce Goggo, yanzu fa. Ta buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Bari in riga ku gangarawa." Ta sumbace shi a goshi ta fita da sauri, jakar a hannu, takalmansa na roba na leƙowa daga ciki.

Hanyar fita garin ta bakin ruwa take bi. An ɗaga masa kan gadon, yana ganin waje ta gilashin gefe. Muna gangarowa sai ga teku, ga jirginmu a tasha yana hayaƙi, ana loda buhunan dankali. Kawu Selby ya yunƙura har sai da ya kusa zama. Ya ja iska ta hanci. Can gefen tsani ga Goggo tsaye cikin baƙar kwat ɗinta, ta rungume jakar a ƙirji, tana kallon hanya. Ya gan ta. Bakinsa ya yi ta motsi, ya yi ta motsi, sai na ji ya ce, "Ya-ya." Tun da ya faɗi bai faɗa ba sai ranar.

Motar ta rage gudu a mararrabar tasha don wata babbar mota ta wuce. Sannan ta miƙe ta kama hawan tudu.

Da farko ya ɗauka kuskure ne. Ya dube ni, ya nuna baya da haɓa, ya yi wa direba wani sauti. Na kasa haɗa ido da shi, a nan ya gane. Ya shiga dukan gilashin da tafin hannu, yana kiran yayarsa, jirgin na ƙanƙancewa a bayanmu har kwana ta shanye shi. Da gilashin bai buɗe ba sai ya kai hannu cikinsa yana laluben robar.

Direba ya ce, "Baiwar Allah, riƙe masa hannu, kada ya fizge ta."

Na riƙe. Hannu ɗaya ne ya rage masa, amma sai da na sa nawa duka biyu.